Darasi na 11: Da Gaske Duk Kanwar Ja Ce?

A bakin layinmu akwai mai shayi da yake kafa teburinsa tun an idar da sallar asuba. Rediyonsa tana rataye a jikin ƙusa, sama da gwangwanayen madara, ba ya kashe ta sai ya tashi. Wata safiya, ana saura mako biyu zaɓe, aka sa muryar wani ɗan takara yana alkawarin rijiyar burtsatse da gyaran asibitin unguwa. Wani dattijo mai facin taya ya dire kofinsa a kan benci ya ce, "Ɗan nan, rage mana wannan surutun. Duk kanwar ja ce." Mutane suka gyaɗa kai. Sai wani saurayi direban adaidaita sahu ya karɓe zancen: "Gaskiyarka, Baba. Shi ya sa ni wanda ya miƙo shi zan dangwala wa. In ban karɓa ba ma wani zai karɓa."

Na daɗe ina juya waɗannan maganganu biyu a raina. Dattijon mutumin kirki ne, na san ba zai taɓa sayar da ƙuri'arsa ba. Amma maganarsa ce ta buɗe wa saurayin ƙofa. In dai an yarda duk ɗaya suke, to wace asara aka yi don an karɓi dubu biyu da ledar taliya? Wannan darasi zai duba maganar dattijon nan: daga ina ta samo asali, ina ta yi gaskiya, ina ta kauce, kuma wa yake cin ribarta.

Ruwa ba ya tsami banza

Kafin komai, a ba dattijon haƙƙinsa. Ba daga sama ya tsinci ra'ayinsa ba. Janar Sani Abacha ya rasu a 1998, amma fiye da shekara ashirin bayan nan ana ta dawo wa Nijeriya da kuɗin da aka ɓoye a ƙasashen waje a zamaninsa. Daga Suwizalan kaɗai an dawo da sama da dala miliyan 300 a zubi guda, aka sake karɓo wajen haka a 2020 daga tsibirin Jersey. A 2012 wata kotu a Landan ta yanke wa tsohon gwamnan Delta, James Ibori, ɗaurin shekara 13. A 2018 kotu a Abuja ta ɗaure tsofaffin gwamnonin Filato da Taraba, Joshua Dariye da Jolly Nyame, kan cin dukiyar jama'a, sannan a 2022 aka yi musu afuwa. Wanda ya ji wannan duka a rediyo, ga shi kuma matarsa ta je awo ta tarar babu ko jakar ƙarin ruwa a asibiti, ba za a ce masa ya yi kuskure ba don ransa ya ɓaci. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Saboda haka ba a rubuta wannan darasi don a wanke kowa ba. Ɓarayi suna nan a siyasa, da yawa kuwa. Tambayar ita ce ko kalmar "duk" ta dace.

Mai awo a kasuwar hatsi

Ku tuna yadda uwargida take sayen gero a kasuwa. Ta san akwai masu zuba mai kyau a bakin buhu su bar mai tsakuwa a ƙasa, ta san akwai masu buga gindin kwanon awo ya lotsa ciki. Me take yi? Takan nutsa hannu har gwiwar hannu cikin buhun ta ɗebo na ƙasa, ta murza a tafinta, ta hura, ta juya kwanon ta duba gindinsa. In ta sami mai gaskiya sai ta riƙe shi ya zama abokin cinikinta, har ta turo masa maƙwabta. Wannan shi ne taka-tsantsan.

Yanzu ku ɗauki wata da ta ce, "Duk 'yan kasuwa macuta ne," sai ta rufe ido ta miƙa kuɗinta ga wanda ta fara tararwa. Wannan ita ce ta yanke ƙauna. A baki kamar ta fi ta farko wayo, amma ita ce za ta koma gida da tsakuwa. Kuma akwai abin da ya fi haka muni: mai gaskiyar nan na kasuwa, in ya ga gaskiyarsa ba ta ƙara masa mai saye ko ɗaya ba, kowa kuɗin goro yake yi musu, wata rana ko dai ya bar kasuwar ko shi ma ya buga gindin kwanonsa.

Haka siyasa take. Mai taka-tsantsan yana tambaya, yana bincike, yana bambancewa. Wanda ya yanke ƙauna ya riga ya yanke hukunci tun kafin a kawo shaida, don haka ba ya ganin dalilin da zai wahalar da kansa da sauraro.

Waɗanda suka shiga suka fito da tabo

In da gaske kowane ɗan siyasa cikinsa ne ya kawo shi, akwai mutanen da ba za mu iya bayanin rayuwarsu ba ko kaɗan.

Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu matasa suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. A wancan lokaci shiga NEPU ba hanyar samu ba ce. Hanyar gidan yari ce. Ana kai 'yan jam'iyyar gaban alƙali, a yi musu bulala, a ɗaure su, a kore su daga gari, saboda sun yi taro ko sun soki hakimi kan haraji da aikin tilas. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne da ya yi karatu har Landan, ɗan gidan malamai, wanda da ya yi shiru da babban muƙami na jiransa a hukumar En'e ko a gwamnatin Kaduna. Ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya rungumi jam'iyyar teloli da 'yan koli da manoma. Daga baya ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya na sadarwa, sannan na lafiya, a gwamnatin Janar Gowon. Da ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983 bai bar wata dukiyar a zo a gani ba. Gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ake kira Gidan Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero, kuma ɗakin da ya zauna a ciki yana nan. Duk wanda ya sami zuwa Kano ya daure ya shiga ya gani da idonsa.

Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta fi ba ni mamaki. An ɗaure ta fiye da sau goma, an yi mata dukan da ya bar mata ciwo har ƙarshen rayuwarta. Laifinta na farko a Kano shi ne ta tara mata tana yi musu bayanin siyasa. Ku lura da wannan: duk tsawon shekarun da take shan wannan azaba, ita kanta ba ta da ikon jefa ƙuri'a, balle ta tsaya takara. Matan Arewa ba su fara zaɓe ba sai a 1976, alhali 'yan uwansu na Kudu sun riga su tun kafin samun 'yancin kai. To wace kujera take nema? Wace kwangila? Matan da ke cikin wannan aji, katin zaɓen da ke ƙulle a bakin zanenku ko cikin jakarku, akwai jinin wannan baiwar Allah a jikinsa.

A ɗaya ɓangaren ma, na jam'iyyar NPC da NEPU take adawa da ita, akwai abin dubawa. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi Firayim Minista daga 1957 har zuwa kisansa a Janairun 1966, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato ya yi Firimiyan Arewa daga 1954. Dukiyar ƙasa ta bi ta hannunsu, ba su mutu da ita ba. Wannan bai share zaluncin da aka yi wa 'yan NEPU a ƙarƙashin mulkinsu ba, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Mutum zai iya tsare hannunsa daga dukiyar jama'a amma ya kasa jure adawa.

Na san abin da wani zai ce daga bayan aji: "Malam, ai waɗannan mutanen da ne. An daina yin irinsu." Amsa biyu gare ni. Ta farko, a zamaninsu ma ba a bar su ba. An zage su, an yi musu waƙoƙin zambo, an ce mulki kawai suke so. Sai da ƙasa ta rufe idonsu muka gane darajarsu. Wa ya sani ko akwai wani a ƙaramar hukumarku yau da muke yi wa irin wannan?

Ta biyu, ga misalai na kusa. Doka ta wajabta wa shugaba ya bayyana kadarorinsa ga hukumar ɗa'ar ma'aikata, amma ba ta tilasta masa ya buga wa duniya ba. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya buga nasa a 2007. A jawabinsa na kama mulki ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin gyaran zaɓe ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais, wanda ya miƙa rahotonsa a Disambar 2008. Gwamnatin tasa ba ta karɓi babbar shawarar kwamitin ba, wato a cire naɗin shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa. Ku riƙe duka biyun, amsa laifin da kuma ƙin shawarar, don duka nasa ne. Ranar 31 ga Maris 2015 kuma, Goodluck Jonathan ya ɗaga waya ya kira Muhammadu Buhari ya taya shi murna tun ba a gama sanar da sakamako ba. Waɗanda suka ga tarzomar da ta biyo bayan zaɓen 2011 a garuruwan Arewa sun san rayuka nawa wannan kira ɗaya zai iya zama ya tsare.

Zuciya ba ɗaki ɗaya ba ce

Kada mu fita daga wani kuskure mu faɗa wani. In muka raba 'yan siyasa gida biyu, waliyyai da ɓarayi, za mu sha kunya, don mafi yawansu ba sa zama a ko ɗaya.

Ku tambayi kanku me ya kawo ku wannan aji bayan kun girma. Wata tana so ta riƙa karanta takardar asibitin 'ya'yanta. Tana kuma so a daina raina ta a cikin dangin miji. Tana kuma fatan takardar shaida ta kai ta ga ɗan aiki. Wanne ne dalilinta na gaskiya? Dukansu. Ba wanda zai ce karatunta na ƙarya ne don akwai neman mutunci da neman abinci a ciki. Ɗan siyasa ma mutum ne irin wannan. A zuciya ɗaya za ka sami son a san shi, da haushin wani zalunci da ya gani tun yana yaro, da kishin garinsu, da gasa da wani sa'ansa, da tsoron talauci, da son ya bar abin da za a riƙa tuna shi da shi. Wani masanin zamantakewa ɗan ƙasar Jamus, Max Weber, a wata lacca da ya yi a birnin Munich a 1919, ya bambanta mai rayuwa domin siyasa da mai ci da siyasa, kuma ya nuna cewa sau da yawa mutum ɗaya yakan haɗa biyun. A wajenmu muna cewa siyasar aƙida da siyasar ciki. Abin da ya kamata mu nema shi ne wacce take rinjaye a ranar da biyun suka yi karo.

Ku ɗauki Muhammadu Abubakar Rimi. Ya hau gwamnan Kano a 1979 a ƙarƙashin PRP, ya soke haraji da jangali, abin da talakawa suka yi shekara da shekaru suna gudun gari saboda shi. A 1980 gwamnatinsa ta kafa hukumar ilimin manya ta jiha, wadda azuzuwa irin wannan namu suka yaɗu ta dalilinta. Shi ne kuma ya saɓa da ubangidansa Malam Aminu har jam'iyya ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo. Ya sauya sheƙa zuwa NPP a 1983 don ya sake takara, ya sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo. Bayan shekara goma ya karɓi ministan sadarwa a gwamnatin Abacha, daga baya kuma ya shiga sahun masu adawa da tazarcen Abachan. A wane gida za ku sa shi? Yana da buri, babu shakka. Amma manomin da aka daina kamawa kan kuɗin haraji bai damu da ko burin gwamna ne ya kawo masa sauƙin ba.

Har ma akwai lokacin da son kai yake yi wa jama'a aiki. Ranar 16 ga Mayu 2006 Majalisar Dattawa, ƙarƙashin Ken Nnamani, ta yi watsi da ƙudurin gyaran tsarin mulki da zai ba Shugaba Obasanjo damar zango na uku. An nuna muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya san mutanen mazaɓarsa suna kallonsa. Cikin waɗanda suka ƙi akwai masu kishin tsarin mulki, akwai masu jiran kujerar ta dawo yankinsu, akwai masu tsoron kada su koma gida a jefe su. Niyyoyi daban-daban, sakamako ɗaya. Dimokuraɗiyya ba ta jiran sai an sami mala'iku. An gina ta ne yadda mai son ya dawo kujerarsa zai ga cewa hanyar dawowa ita ce ya yi wa mutane abin da suke so. Amma wannan dabara tana aiki ne kawai in mutanen suna kallo. A Nijar ma an ga irin wannan turjiya ga tazarce a 2009, lokacin da kotun tsarin mulki ta ce wa Shugaba Tandja Mamadou tazarcensa ya saɓa doka, ta tsaya a kan hukuncinta har ya rushe ta.

Zauren kansila da sassafe

Akwai wani kansila da na taɓa maƙwabtaka da shi. Kafin a zaɓe shi malamin firamare ne, yana da babur ɗaya da ɗaki biyu. Bayan zaɓe, kullum kafin ya dawo daga masallaci zaurensa ya cika, takalma har bakin kwata. Na zauna a wurin ba sau ɗaya ba. Wannan ya miƙo takardar magani: "Honorabul, tun jiya yarinyar ba ta runtsa ba." Wancan matarsa ta haihu, ragon suna ake nema. Wata gwaggonsa ta zo da zancen kayan ɗakin marainiya, tana cewa, "Ɗana, in ba kai ba wa gare mu?" Ga samarin da suka yi masa yawon liƙa fasta suna jingine da bango suna jiran na shayi. Kowannensu bukatarsa ta gaskiya ce, ba na zargin ko ɗaya. Amma na lura, a duk zaman da na yi, ba wanda ya tambaye shi me aka tattauna a zaman majalisa, ko nawa aka ware wa mazaɓarmu, ko me ya hana a rufa ajin da iska ta yaye wa kwano.

Wata rana da dare ya ce da ni, "Malam, albashina ba ya kai ni goma ga wata. In na ce babu, a ce na yi girman kai. In na bayar, ka san dai ba daga albashi zai ci gaba da fitowa ba." Bai sake tsayawa takara ba. Ya koma aji da allinsa, kuma har yau akwai masu cewa ai ya ci ya ƙoshi ne.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba ina ɗora wa talaka laifin satar manya ba ne, don wanda ya kwashe biliyoyi ba ragon suna ya saya da su ba. Abin da nake so ku gani shi ne yadda hanyar take tace mutane. A 2022 takardar neman takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ce, a PDP miliyan 40, tun kafin a zo ga deliget a zaɓen fid da gwani, da motocin kamfe, da wakilan rumfuna. Mai kuɗin halal kaɗan ne zai iya wannan, sai ya nemi ubangida, ubangida kuma ba sadaka yake yi ba. Mutum zai iya shiga da kyakkyawar niyya ya tarar da bashi a wuyansa tun kafin a rantsar da shi. Wanda ya fahimci wannan zai daina tsayawa ga tambayar "mutumin kirki ne ko na banza?" Zai ƙara da "wa ya biya masa, kuma me zai biya da shi?"

Wa ke cin riba?

A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kusan kashi 69 cikin 100 na masu rajista ne aka ce sun fito. A 2015 abin ya sauko wajen kashi 44, a 2019 wajen 35, a 2023 wajen 27. A wannan na ƙarshe mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su wuce miliyan 25 ba, wanda ya lashe kuma ya samu ƙasa da miliyan 9. Dalilan rashin fitowa suna da yawa, akwai tsoron rikici, akwai nisan rumfa, a 2023 ga ƙarancin takardun kuɗi. Amma cikinsu akwai maganar dattijon mai faci.

Ku yi lissafin da kanku. Rumfa mai mutum 500, in 400 suka fito, mai sayen ƙuri'a sai ya sayi sama da 200 kafin hankalinsa ya kwanta, kuma da wuya ya iya. In 100 kaɗai suka fito, 60 sun ishe shi. Duk mutumin kirkin da ya zauna a gida don ya yi fushi, ya rage wa mai saye farashi ne. Shi ya sa ɓarawon ɗan siyasa ba ya jin zafin a ce "duk ɓarayi ne". Maganar rufin asiri ce a gare shi, ta sa shi cikin taro inda ba mai nuna shi da yatsa. Wanda take yi wa ciwo shi ne wanda bai ɗauka ba, da kuma yarinya ko yaron kirki da ke tunanin fitowa takara, iyaye su ce, "Rufa mana asiri, kada ka ɓata sunan gidanmu." Tun 2018 doka ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Ƙofar ta buɗe, amma in mun gaya wa 'ya'yanmu nagari cewa ɗakin na ɓarayi ne, mun san waɗanda za su shiga.

Wannan gajiya da shugabanni ba yau aka fara ta ba, kuma ba jahilai kaɗai take kamawa ba. Wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga yadda wasu abokan tafiya suka karkata ga neman mulki da dukiya da dawaki. Ransa ya ɓaci har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar ba zai dawo ba. Da ya iso Kano mutanen gari suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake mulki bisa adalci. Ya tsaya, ya karantar, ya rubuta musu littafin Diya'ul Hukkam, sannan ya juya ya koma inda ya baro. Abin da ya gani na ɓaci gaskiya ne, bai kuma janye sukarsa ba. Sai dai ya mai da ɓacin ransa ma'auni da za a riƙa auna masu mulki da shi, har yau kuwa ana karanta shi.

To da me za mu auna?

Niyya a zuci take, Allah kaɗai ya san ta. Mu aiki muke iya gani, shi ma ya ishe mu. Kafin mutum ya nemi kujera, me ya taɓa riƙewa, ko da kuɗin ƙungiyar unguwa ne ko na kwamitin masallaci ko coci, kuma yaya aka rabu? Ya taɓa yin abin da ya jawo masa asara don yana ganin shi ne daidai? Wannan ita ce tambayar da na fi ba muhimmanci, don alheri mai araha kowa yana yi, musamman in da kyamara. Ku duba yadda yake yi da wanda ya soke shi: yana amsawa, ko yana turo 'yan jagaliya? Ku duba alkawarinsa, ko irin wanda za a iya ƙirgawa ne. "Zan kawo ci gaba" ba a kama mutum da shi. "Zan gina aji shida a makarantar kaza kafin shekara biyu" ana kama mutum da shi. Sannan ku san aikin kujerar da yake nema. Ɗan majalisa aikinsa yin doka, da amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido kan yadda aka kashe shi. In muka auna shi da yawan buhunan shinkafar da ya raba da azumi, to mun koya masa inda zai sa ƙarfinsa.

Kuma in kun auna kun ga wani ya fi wani ko da da kaɗan ne, ku faɗa a fili. Yaba wa wanda ya gyara famfo ba fadanci ba ne in dai famfon yana zubo da ruwa, kamar yadda sukar wanda ya bar shi a bushe ba ƙiyayya ba ce.

Aiki

A cikin aji, ku kasu gida uku ko huɗu. Kowane gida ya tattauna maganar saurayin nan mai adaidaita sahu, "In ban karɓa ba ma wani zai karɓa." Me za ku ce masa in ƙanenku ne ko ɗanku? Mutum ɗaya ya tashi ya faɗa wa aji abin da kuka tsayar.

A littafinku, ku rubuta jimla biyar da ke bayyana bambancin taka-tsantsan da yanke ƙauna, da misali daga sana'arku ko daga gidanku, ba daga kasuwar hatsi ba.

Ku yi wannan lissafi: a wata rumfa mutum 750 ne suka yi rajista, kashi 28 cikin 100 suka fito. Mutum nawa ke nan? In 'yan takara biyu ne, ƙuri'a nawa mafi ƙaranci ɗaya yake bukata ya yi nasara?

Aikin gida kuma, kafin haɗuwarmu ta gaba: ku nemo sunan kansilan mazaɓarku, da na ɗan majalisar jiha, da na ɗan majalisar wakilai. A gaban kowane suna ku rubuta abu ɗaya da ya yi alkawari, da abu ɗaya da kuka gani da idonku ya yi ko ya kasa yi. Abin da kuka ji a majalisar shayi ko aka turo muku a WhatsApp ba ya cikin lissafi, sai wanda kuka taka kuka je kuka gani. Sannan ku sami wani dattijo ko dattijuwa da suka ga zaɓen 1979, ku gaishe su, ku tambaye su wa suka zaɓa a lokacin da kuma abin da ya sa, ku rubuto amsar yadda suka faɗe ta.